Yaris Ibrid a Zafin Yamai: Yadda Ake Duba Ta Kafin Saye da Yadda Ake Riƙe Ta

Abin da Bature ya saya sabo shekara takwas ko goma da suka wuce, shi ke sauka a wuraren sayar da motocin hannu na Yamai yau. To kasuwar can ta juya. Toyota ta daina sayar da ƙananan motoci masu gazuwal a Turai a ƙarshen 2018, Ford ta tsayar da ƙera Fiesta a watan Yulin 2023, kuma a wannan shekarar ce Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta sa 2035 ta zama wa'adin sayar da sabbin motoci masu hayaƙi, ko da yake ba a daina ja-in-ja a kanta ba. Saboda haka ƙaramar mota mai guntun baya, irin wadda ƙofar bayanta ke ɗagawa sama, wadda masu tasi da ma'aikata suka saba da ita tun zamanin Starlet, yanzu sau da yawa za ka tarar an rubuta Hybrid a jikinta. Masu gyara suna ce mata ibrid, wato mai haɗa fetur da lantarki.

Mun ɗauki Toyota Yaris ta 2012 zuwa 2020, wadda ake haɗawa a Valenciennes ta Faransa, domin ita ce kuɗinta ya sauko zuwa inda mai matsakaicin hali zai iya kaiwa. Mota ce mai ƙarko ƙwarai. Abu biyu ne ke kashe ta a ƙasar nan: zafi da ƙura a batir, sai kuma hannun mai gyaran da ya ɗauke ta kamar Starlet. Duka biyun ana iya kauce musu da kuɗi kaɗan.

Abin da ke cikinta

Injin fetur ne mai lita 1.5, lambarsa 1NZ-FXE, da injinan lantarki biyu a cikin akwatin giya. In an haɗa ƙarfinsu ya kai doki 100. Babban batir ɗin yana ƙarƙashin kujerar baya: bolt 144, gunduwa 20 da masu gyara ke kira modil, kowace gunduwa bolt 7.2, a cikinta gida shida na bolt 1.2. Ba a jona shi da kuran ɗin gida. Motar ce ke cika shi da kanta, daga injin fetur da kuma lokacin taka birki. Abin da yake ɗauka bai kai kilowat-awa ɗaya ba, don haka kada wani dillali ya ce maka za ka je Dosso da shi ba fetur. Aikinsa shi ne ya tayar da mota daga tsaye, ya taimaka wurin ɗaukar gudu, ya kuma riƙe kilim lokacin da injin fetur ya mutu a danja.

Babu kik a motar, babu dainamo, babu bel a gaban inji. Famfon ruwa na lantarki ne, kwamfuresan kilim ma haka. Tankinta lita 36 ne. Kamfani ya rubuta tana shan lita 3.5 a kilomita 100, amma da kilim da cunkoson Gadar Kennedy ka ƙaddara lita 5. Ga lissafi a misali: mai tasi da ke yin kilomita 150 a yini da tsohuwar motar da ke shan lita 8 a ɗari, yana ƙona lita 12. Da ibrid lita 7 da rabi ne. A farashin sefa 499 da aka sa wa lita a watan Yulin 2024, ya tsira da sama da jika biyu kullum. Wannan ribar a cikin gari take. A kan gudoro, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, inda ake take mota a gudu ɗaya ba tsayawa, tazararta da mai fetur zalla tana raguwa sosai.

Ranar saye

Ka je da safe, ka kuma ce kada a tayar da motar kafin ka iso. Ɗora hannu a kan kapo ka tabbatar inji da sanyinsa. Taka birki, danna maɓalli. Duk fitilun gargaɗi za su kama su mutu, sai kalmar READY ta bayyana da kore. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, musamman ta inji da ta gargaɗin ibrid, ka yi zargin an rufe ta ko an cire ta. Bayan 'yan daƙiƙu injin fetur zai tashi da kansa. In ya tashi da girgiza da ƙarar ƙwanƙwasa na ɗan lokaci, galibi hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wadda ake kira EGR, ta toshe da baƙin toka. Ana wanke ta, amma dalili ne na rage kuɗi.

Gwajin batir shi ne cinikin duka, kuma ido kaɗai ba ya yin sa. Ana buƙatar ɗan ƙaramin sikana na OBD2 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, da manhajar waya irin Dr. Prius ko Hybrid Assistant, ko kuma mai gyara da ke da Techstream, manhajar binciken motoci ta Toyota, a kwamfuta. Kwamfutar motar tana karanta gunduwoyin nan biyu-biyu, don haka layi goma za ka gani, kowanne a wajen bolt 15 zuwa 16 in mota tana kunne. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa. A lafiyayyen batir ba ta wuce 0.2 ko 0.3 a tsaye. Sai a hau titi, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon waya. A take mota da ƙarfi, sannan a taka birki mai tsawo. In akwai layin da ke faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa wurin takewa, ya kuma fi su tashi wurin birki, wannan gunduwar ta gaji. In tazarar ta kai bolt ɗaya da ɗoriya, gida ɗaya ya mutu ke nan, kuma lambar P0A80 tana nan tafe. Ma'anarta a sauya batir.

Dillali mai wayo yakan goge lambobin matsala kafin mai saye ya zo. Sikana zai tona shi: akwai jerin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta, kuma in an goge kwanan nan za su nuna ba a kammala su ba. Motar da aka ce maka kullum ana hawanta amma gwaje-gwajenta ba su cika ba, ka nemi a ba ka ita ka yi tafiyar rabin awa tukuna. In ba ka samu sikana ba sam, kalli hoton batir a allon gaban direba. Yana da sanduna takwas. Lafiyayye yakan zauna a tsakiya, yana hawa da sauka a hankali. Wanda ke cika fal cikin minti biyu ya kuma zube cikin minti biyu ya zama ƙaramin kofi, ƙarfin ɗaukarsa ya tafi.

Daga nan ɗaga tabarmar ƙafa ta baya, ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙusoshin kujera da laka a lungu. Motar da ruwa ya taɓa shiga har ƙasan kujera, bar ta komai araharta, araha ba ta ado. Leƙa ƙarƙashi ka ga tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana nan, ba sabon walda a wurinta. Ta motocin ibrid tana da tsada, ɓarayi da wasu 'yan kasuwa suna yanke ta tun a hanya. Saurari famfon birki kuma: yakan yi ɗan zuu idan ka buɗe ƙofar direba, wannan daidai ne. In yana maimaita wannan kukan kowane daƙiƙa goma ko ashirin alhali ba a taka birki ba, yana zubar da matsi a ciki, kuma kayan gyaransa na daga cikin mafi tsada a motar. Lambar kilomita kada ka ba ta amana da yawa. Gwada ta da yadda robar birki, sitiyari da kujerar direba suka ci, da takardun gyara in sun zo tare da motar.

Fanka, ƙura da kujerar baya

Nan ne muke so mai mota ya fi tsayawa, domin nan ne batir ke mutuwa a Yamai ba tare da an lura ba. Babban batir ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Wata 'yar fanka tana zuƙo iskar cikin mota ta wata raga da ke ƙasan kujerar baya, daga gefe, ta hura ta tsakanin gunduwoyin. Ke nan iskar da fasinja ke shaƙa ita batir ke shaƙa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, motar da ta yini a rana da gilashi a rufe cikinta ya fi haka nesa. Batir mai nikel irin wannan zafi yana busar da shi a hankali, kuma gunduwoyin tsakiya ne ke fara lalacewa saboda su ne iska ba ta isa sosai.

Don haka kilim a wannan motar kariyar batir ce. Direban da ke kashe kilim ya buɗe gilashi don ya rage shan mai, abin da ya tara na fetur zai biya shi ninki a batir, ga shi kuma ya buɗe wa ƙura hanya. In mota ta daɗe a rana, buɗe ƙofofi minti biyu zafin ya fita, kunna kilim, ka yi tafiyar farko a hankali. Nemi inuwa wurin ajiya ko da za ka ƙara taku, ka sa abin tare rana a gilashin gaba.

Ragar nan kada komai ya rufe ta. Buhu, jaka, gefen babbar riga ko zane, da rigar kujera da masu ɗinki ke yi har ƙasa, duk suna toshe ta. In za ka ba da ɗinkin rigar kujera, nuna wa mai ɗinki wurin ya bar shi a buɗe. Kada a zuba ruwa a wurin lokacin wankin mota, kada kuma a ɗora jarkar ruwa ko ƙanƙara a kujerar baya.

Bayan ragar akwai 'yar matata. Wasu na shekarun farko sun zo babu ita, ana iya saya a sa musu. A lokacin hunturu cire ta kowane wata, ka kaɗe ta, ka hura ta da iska daga ciki zuwa waje. Sauran watanni, duk bidanji, wato sauya man inji, ya isa. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara ta kama, a kashe mota, a cire ƙafar ƙaramin batir na bolt 12, a ɗaga kujerar baya a fito da fankar kanta. Fukafukanta ƙanana ne, ƙura da gashi da zare suna daskarewa a kansu kamar auduga. Burushin haƙori da iska sun isa. Riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Alamar toshewa ita ce ka riƙa jin kukan fanka daga baya kusan kullum, injin fetur ya ƙi mutuwa a danja, shan mai ya ƙaru. Kwamfuta ce ta ga batir ya yi zafi ta janye masa aiki.

Mai, ruwa da batir ƙarami

Injin yana ɗaukar lita 3.7 idan an sauya da filta. Man da aka rubuta masa 0W-20 ne, in ba a samu ba 5W-30. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci bai dace da shi ba, domin inji ne da ke mutuwa ya tashi sau da dama a tafiya ɗaya, yana son man da ke isa ko'ina nan take. Da ƙurarmu, mu dai shawararmu bidanji kowane kilomita 5,000 zuwa 7,000, tare da duba filtar iska.

Tulun ruwa biyu ne a ƙarƙashin kapo: ɗaya na inji, ɗaya na akwatin juya wuta da ake kira inbata. Duka biyun ruwan Toyota mai launin hoda ake zuba musu, ba ruwan famfo ba. Idan mota tana READY, leƙa tulun inbata, ya kamata ka ga ruwan yana ɗan motsi. In ya tsaya cik, famfonsa ya mutu, kuma ci gaba da tuƙi a haka ƙona inbata ne. Akwatin giya mansa ATF WS, babu wani.

Yawancin ranar da ibrid ta ƙi tashi, ƙaramin batir na bolt 12 ne ya yi sanyi, ba babban ba. Shi ma yana ƙarƙashin kujerar baya. Ba ya juya inji, kwamfutoci kawai yake tayarwa, amma in ya raunana sai allo ya cika da gargaɗin da ke firgita mutum. Auna shi da safe kafin a kunna: 12.4 zuwa 12.6 lafiya, ƙasa da 12 ya gaji. A READY ya kamata ya nuna wajen 14. Wanda za a sauya masa ya zama mai ramin da ake soka tiyon fitar da iskar gas, tunda a cikin ɗakin fasinja yake. In za a ba ta wuta daga wata mota, a duba littafinta a ga wurin jonawa. A kula ƙwarai da ja da baƙi, juya su sau ɗaya yana iya ƙona kayan da suka fi batir tsada sau da yawa. Ita kuma kada a ba wata mota wuta da ita. In za ta daɗe a ajiye, a bar ta a READY kamar awa ɗaya a mako, giya a P, a fili ba cikin rufaffen garaji ba.

Abin da za ka hana a garaji

Duk wayar da ke da launin lemo mai ɗauke da babbar wuta ce. Inbata yana ɗaga bolt 144 zuwa sama da 500, kuma wannan kisa yake yi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai kashe mota, ya nisanta makulli, ya cire ƙafar ƙaramin batir, ya sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, ya zare filogin tsaro mai launin lemo ya sa a aljihunsa, ya jira minti goma, sannan ya auna da mita ya ga babu wuta. Wanda ka ga ya nufi wayoyin nan da hannu tsirara, karɓi makullinka.

Mai gyaran kilim shi ne haɗari na biyu. Kwamfuresan yana da injin lantarki a cikinsa, mai yana wanke wayoyinsa, don haka mansa na musamman ne, ND-11. In aka zuba man kilim na sauran motoci, ko aka yi amfani da tiyon da ya jiƙe da shi, wuta takan fara zurara zuwa jikin mota, lambar P0AA6 ta fito, motar ta ƙi shiga READY. Irin gas ɗin da za a sa yana rubuce a takardar da ke manne cikin kapo. Wurin sauya takalman birki kuma a cire ƙafar ƙaramin batir, domin buɗe ƙofar direba kaɗai yana tayar da famfon birki ya turo fistan waje. Fitar da iska daga birkin sai da sikana.

Idan babban batir ya gaza, za a ce maka a sauya gunduwa ɗaya kawai. Yana tayar da mota, amma sauran 19 ɗin shekarunsu ɗaya da wadda ta mutu, bayan 'yan watanni wata za ta bi ta. In aljihu bai kai ga cikakken batir ba, to a auna ƙarfin ɗaukar kowace gunduwa, a sa wadda ta yi daidai da su, a daidaita cajinsu, a kankare koren tsatsar da ke kan farantan tagulla masu haɗa su, a ɗaure notinan da ma'auni, 5.4 Nm, ba da ƙarfin hannu ba.

Wurin tuƙi, a cunkoso bar giya a D ko ka sa P. A N batir ba ya caji, kilim yana ta zuƙe shi. B na gangara mai tsawo ne. Kada ka bari fetur ya ƙare ka ci gaba da lallaɓawa da batir, in ya zube ƙasa sosai ba zai iya tayar da inji ba, kuma cika shi sai da caja ta musamman. Ba a tura ta don ta tashi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa. A yashin unguwanni irin Talaje, in taya ta fara juyi a banza kwamfuta tana rage ƙarfi don kare injin lantarki, don haka shiga da ɗan gudu daidai ba tsayawa. Da damina, ruwan da ya kai rabin taya a kewaye shi.

Yaris ta 2020 zuwa sama injinta mai silinda uku ne, ƙarfinta doki 116 ko 130, batir ɗinta na litiyom. Man da take so ya fi na tsohuwar ruwa-ruwa, sai a bi littafinta. Maganar raga da fanka kuwa tana nan yadda take.

Mai lantarki zalla fa?

Renault Zoe da Nissan Leaf su ne masu guntun baya da za a fi tallata maka. Mota ce ta cikin gari. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, kuma Leaf ta farko mai kilowat-awa 24 ko tana sabuwa ba ta yin 200 a caji ɗaya. Batir ɗin wannan Leaf ba shi da abin sanyaya shi, zafi yana cin sa da sauri. Ƙirga ƙananan sandunan lafiyar batir a gefen allo: 12 ne a sabuwa, mai takwas ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Zoe tana sanyaya nata, amma da yawa a Faransa an sayar da su ne batir ɗin yana haya, don haka nemi takardar da ta nuna an saye shi. Motocin da aka yi wa kasuwar cikin Sin bakin cajinsu daban yake da na Turai, a tabbatar caja ta zo tare da motar.

Kafin mota, gyara gida. Caji a amfiya 10 kan bolt 220 na NIGELEC kilowat 2.2 ne, wato kimanin awa 12 a cika batir mai 24 daga ƙasa, kuma a watannin zafi da ake yawan ɗauke kuran ba kullum ake samun awannin a jere ba. A ja masa layinsa shi kaɗai daga kwanta, wato mitar wutar gida, da waya mai kauri 2.5 mm², da abin katse wuta mai 30 mA, ba a jona shi a kan wayar ƙari ba. A duba ko amfiyar kwantar gidan za ta ɗauki mota da kilim da firiji lokaci guda. Mai tafiyar kilomita 50 a yini yana buƙatar wajen kilowat-awa 8, abin da faifan hasken rana na kilowat 2 za su iya bayarwa in motar tana gida da rana. Zoe kuma tana auna wayar ƙasa kafin ta karɓi caji, in ba ta gamsu ba ta ƙi. Busasshen yashinmu ba ya ɗaukar wuta da kyau, don haka sandar tagulla ɗaya ba ta cika isa ba. A kafa biyu ko uku da tazara a tsakaninsu, a haɗa su, a zurfafa har inda ƙasa ke da danshi, sannan mai gyaran wuta ya auna da mita a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, ya ga awon ya sauka ƙasa da om 100.